Kwas ɗin agajin gaggawa: abin da ya tsinana mini a asibitin ƙauye

A yankinmu na Jigawa, idan yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau a fannin kimiyya, tunanin iyaye bai cika wuce aikin jinya ko unguwarzoma ko kwas ɗin lafiyar al'umma ba. Ba kowa ne ya san da kwas ɗin agajin gaggawa ba, wato karatun da ake horar da mutum ya zama shi ne zai fara sa hannu a kan wanda ya yi haɗari ko ya yanke jiki ya faɗi, tun kafin a kai ga likita. Na yi wannan karatu a wata kwalejin kimiyyar lafiya, yanzu kuma ina aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke gefen titin Kano zuwa Haɗejia, saboda haka na gwada abin da aka koya mini a inda ya fi wahalar gwaji. Ra'ayina shi ne kwas ɗin ya cancanci kuɗin da mahaifina ya kashe, sai dai an tsara shi ne da tunanin birni, kuma duk wanda zai dawo da shi karkara dole ya nemi ƙari da kansa.

Tsarin shiga bai bambanta da na sauran difloma ba. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, karatun kuma shekara 2 ne, kamar yadda difloma ta ƙasa take a ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna. Shekarar farko kusan duk a aji ta ƙare, ana haddar ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, da yadda zuciya ke harba jini, da aikin huhu da ƙoda, da sunayen magunguna. Wannan ɓangare ba shi da laifi, kuma ba shi da wani abin da ya fi na sauran makarantu.

Inda kwas ɗin ya nuna darajarsa shi ne wajen dasa mana tsari a ka. Malamin da ya koya mana duba majiyyaci, wanda tsohon ma'aikacin sashen gaggawa ne, bai yarda ɗalibi ya taɓa mara lafiya ba sai ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya da babbar murya: a tabbatar wurin ba zai cutar da mai agaji ba, a tsayar da jinin da ke kwarara idan akwai, a duba ko hanyar iska a buɗe take, a duba numfashi, a duba bugun jini, sannan a auna hankalin mutum, a ƙarshe a buɗe tufa a bincika duk jiki. Ya sa mun riƙe ma'aunin baligi mai lafiya har ya zauna mana daram: numfashi 12 zuwa 20 a minti ɗaya, bugun zuciya 60 zuwa 100. A lokacin wasunmu suna ganin maimaicin ya yi yawa, amma ranar da aka sauke mini mutum huɗu daga motar kasuwa da ta ƙwace, jama'a sun cika harabar asibiti ana salati, wannan jerin ne ya hana hannuna rawa. Malamin nan ne kuma ya koya mana cewa mai kururuwa yana da iskar da yake kururuwar da ita, wanda ya yi shiru yana gumi mai sanyi shi ne abin tsoro, kuma na sha ganin gaskiyar wannan magana.

Farfaɗo da zuciya an koyar da shi yadda ya kamata a takarda: dannawa 30 a tsakiyar ƙirji, hura iska sau 2, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, a kan saurin 100 zuwa 120 a minti. Matsalar ita ce mutum-mutumin gwaji ya yi wa yawanmu kaɗan, ɗalibi sai ya daɗe a layi kafin hannunsa ya taɓa shi, na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki kuwa nuna mana ita kawai aka yi aka mayar cikin akwati. Duk da haka wannan darasi ya yi mini rana a wurare biyu da suka fi yawa a ƙauye, wato yaron da aka tsamo daga kududdufi da damina, da jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, wanda idan an goge shi an ɗumama shi bai motsa ba ake sa masa robar hura iska tun cikin mintin farko.

Darasin tsayar da jini shi ne wanda ba zan taɓa raina shi ba. Da kakar shinkafa aka kawo wani matashi a kan babur, bel ɗin injin casa ya fizgi hannunsa ya yage naman ƙasan gwiwar hannu, an zuba masa toka an naɗe da buhu, jini kuwa yana tsartuwa daidai da bugun zuciyarsa. Na cusa auduga na danne da ƙarfina, ta jiƙe, na ƙara wata a kai ba tare da na cire ta farko ba, jinin bai tsaya ba. Sai na karɓi rawanin mahaifinsa na ninka shi ya yi faɗin yatsu uku, na ɗaure dantsen sama da raunin, na sa guntun itace na murɗa har tsartuwar ta ɗauke, na rubuta lokacin da biro a kan filasta na manna masa a goshi. Dattijon ya kama rigata ya ce, "Malam, hannun ba zai mutu ba kuwa?" Na ce, "Baba, idan mun isa babban asibiti kafin awa biyu, da yardar Allah hannun zai tsira, amma kada kowa ya sassauta ɗaurin nan a hanya, ko da ya yi kuka." Wannan gargaɗi na ƙarshe daga aji na samo shi, domin tausayi ne ke sa 'yan rakiya su kwance ɗauri, jinin ya dawo sabo.

An kuma koya mana rarrabe waɗanda suka jikkata idan sun yi yawa, da launuka huɗu: ja ga wanda zai mutu idan ba a taɓa shi yanzu ba, rawaya ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda rai ya yi halinsa. Duk ɗan Jigawa ya san abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, lokacin da tankar mai ta kife ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗejia. Irin wannan dare ne ke nuna cewa darasin ba na cika takarda ba ne. Ƙa'idar ƙuna ma mai sauƙi ce, amma jama'a ba su san ta ba: a kwarara ruwa mai ɗan sanyi na minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki ko baƙin mai.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Kusan kowane darasi yana ƙarewa ne da cewa a ɗora majiyyaci a gadon motar asibiti, a sa masa oksijin, a sanar da sashen gaggawa. Gaskiya ne akwai lambar gaggawa ta 112, hukumar kiyaye haɗurra tana da 122, gwamnatin tarayya ma ta ƙaddamar da shirin motocin agaji na ƙasa a 2022, amma abin da ke kawo mini majiyyaci shi ne babur da motar haya da a-kori-kura, idan damina ta yanke hanya kuma amalanken shanu. Na fito makaranta kamar wanda aka koya wa noma da tarakta aka dawo da shi gonar da babu komai sai fartanya. Babu wanda ya nuna mana yadda za a kwantar da mai raunin ƙashin baya a kan ƙyauren ƙofa a tallafe wuyansa da naɗaɗɗun zannuwa, ko yadda za a tsare karaya da kwali da katako, ko yadda za a rataye ledar ƙarin ruwa a cikin motar da ke tsalle a burji. Tsofaffin malaman asibiti ne suka koya mini waɗannan, alhali mako guda a manhaja ya ishe su.

Haka nan lokacin da aka ba matsalolin haihuwa ya yi kaɗan ƙwarai idan aka duba cewa jijjiga da zubar jini bayan haihuwa su ne ke tayar da ni tsakar dare fiye da haɗarin mota. An ambaci awon hawan jini na 140 bisa 90 a matsayin alamar haɗari ga mai ciki, an ambaci allurar magnesium sulphate ta jijjiga da ƙwayar misoprostol da murza mara don mahaifa ta tsuke, amma a gurguje. Ba a kuma ce komai ba kan yadda za a bi da dangi. Idan mace tana jijjiga, sau da yawa za ka tarar surukarta na ƙoƙarin tura mata cokali a baki, wani na neman garwashin hayaƙi. Faɗa ba ya raba su da wannan, abin da na ga yana aiki shi ne a ba babbar aiki a hannunta. Nakan ce, "Inna, taimaka ki riƙe mini kanta, mu juya ta ɓangaren hagu, ki ci gaba da yi mata addu'a," sai cokalin ya sauka da kansa. Daga nan sai neman direba, kuma a nan direbobin ƙungiyar motocin haya ta NURTW da aka horar don kai masu naƙuda asibiti sun fi kowa amfani, musamman idan tafiyar ta Jahun ce, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa tun 2008.

Saran maciji kuwa lacca guda aka yi mana a kai, duk da cewa manomi da makiyayi suna tare da kububuwa kullum. An dai faɗi abin da ya fi muhimmanci: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a garzaya inda ake da allurar maganin dafi. Gwajin da ake zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba a jira minti 20, idan bai daskare ba a san dafin ya shiga jini, a wajen aiki na koye shi, kuma ba ya buƙatar lantarki ko wata na'ura.

Wani abin da na yaba shi ne darasin doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sanin wannan, tare da sabon da aka yi mana na rubuta lokaci da awo da maganin da aka bayar kafin miƙa majiyyaci, yana sa likitan da ke karɓa ya saurare ka da muhimmanci.

Ga uban da ke tunanin tura ɗansa ko 'yarsa, shawarata ita ce ya je makarantar da ƙafarsa kafin ya biya ko kwabo. Ya nemi a nuna masa takardar amincewar hukuma ga wannan kwas ɗin kansa, ba ga makarantar kawai ba, ya tambayi asibitin da ake tura ɗalibai aikin koyo da ko suna kwana a sashen gaggawa, domin a aikin dare na koyi sa allurar jijiya, ba a aji ba. Ya shiga ɗakin gwaji ya ƙirga mutum-mutumi ya kwatanta da yawan ɗalibai. Ya kuma sani cewa guraben aiki da sunan wannan kwas ba su da yawa a ƙananan hukumomi tukuna, don haka mai neman albashi da wuri zai fi samun sauƙi a kwas ɗin lafiyar al'umma. 'Ya'ya mata na fi so a ƙarfafa wa gwiwa su shiga, saboda akwai ɗakunan da ni namiji sai na tsaya a zaure ina jiran izinin maigida, mai naƙuda kuwa tana ciki tana zubar da jini.