Dillalin fili a wajejen Wudil: ra'ayina

Masu son sayen fili su gina gidan haya, wannan dillalin gaskiya ya iya aiki. Bai gaggauta ni ba, cewa ya yi kar in biya ko kwabo sai mai unguwa da dagaci sun tabbatar, kuma da yake filin gado ne sai da duk magada suka sa hannu gaban shaidu, nan ne fa mutane ke faɗawa rigima. Ya ce in dawo da damina in ga ko ruwa na kwanciya, kun san yankin kogi ne. Matsalarsa la'ada, ya tsuga kuɗi wallahi, waya kuma sai ka kira ka gaji. Takardar mallaka kuwa tura ni ya yi KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, wai ba aikinsa ba ne.