Grimm, Supernatural ko Lucifer: wanne za ka ce a tura maka?

Kafin ka miƙa memorinka ga mai tura fim a kasuwar Wunti ta Bauchi ka ce a zuba maka "na aljanu mai binciken kisa", ka san cewa ukun nan ba tafiyarsu ɗaya ba.

Ni dai Grimm nake fara ambata wa duk wanda ya tambaye ni. An haska shi daga 2011 zuwa 2017, zango 6, kashi 123. Nick Burkhardt ɗan sandan bincike ne a birnin Portland na Amurka, yana ganin ainihin siffar wasu halittu da ake kira Wesen, masu yawo cikin jama'a da fuskar bil'adama. Tushensa tatsuniyoyin da Jamusawan nan wa da ƙani, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara suka fara bugawa a 1812. Kashin farko ma, na mai farautar 'yan mata masu jan kaya, daga tatsuniyar yarinya da kyarkeci aka ciro shi. Wanda ya tashi yana jin labarin mayu da mutumin da ke rikiɗa kura cikin dare ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sannan yawanci kowane kashi da nasa laifin, a ciki ake warware shi, ko wuta ta ɗauke ba a bar ka a rataye ba.

Supernatural kuwa sai mai haƙuri da babban memori: zango 15, kashi 327, daga 2005 har 2020. Sam da Dean Winchester mafarautan dodanni ne, katin hukumar binciken Amurka ta FBI da suke nunawa na bogi ne. Ya fi sauran yalwar almara, daga ta mutanen asalin Amurka zuwa gumakan Turawan arewa da na Indiya. Har aljani akwai, amma wani mai zane a jiki ne da ke jefa mutum cikin mafarki yana zuƙe masa jini, ba aljanin da muka karanta a Islamiyya ba. Daga zango na 4 mala'iku suke shigowa, can gaba har Ubangiji aka ba wani ɗan wasa ya fito a matsayinsa. Nan na tsaya.

Lucifer, mai kashi 93, ba sai na ja zance ba. Shaiɗan ne ya baro wuta ya buɗe gidan rawa a Los Angeles, yana taya 'yar sanda Chloe Decker bincike. Akwai barkwanci, akwai giya da batsa, ba na falo da yara ba ne.

Ka fara da zangon farko na Grimm kaɗai. Kafin ka bar shagon, buɗe kashi biyu ko uku ka ji sautin, ka kuma duba lambobin sun jeru, don wani lokaci sai ka isa Yelwa za ka tarar babu kashi na 7.