Sabon injin sit a Nissan 350Z: yadda aikin ya gudana a Buzaye da abin da na gani bayan wata uku

Motata Nissan 350Z ce ƙirar 2004, mai kujera biyu da giyar hannu shida, injinta V6 mai lita 3.5 wanda kamfanin ya ce yana ba da ƙarfin doki 287. Na saye ta hannun wani bawan Allah a Kaduna shekara huɗu da suka wuce, kuma tun da na kawo ta Sakkwato ba ta taɓa tayar mini da hankali ba sai cikin watan Afrilun bana, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana tsaka.

Da karkarwa abin ya fara. In na tsaya cikin cunkoson Titin Ahmadu Bello, inji na silo, sai in ji sitiyari na rawa a hannuna, madubin tsakiya ma ba ya nuna komai sosai. Bayan sati biyu sandar giya ta shiga motsi da kanta duk lokacin da na taka totur. Daga nan sai wata ƙara, gum, daga ƙasan bonet, musamman in na tashi daga tsaye ko na sauko daga tudun rage gudu. Motar ƙasa-ƙasa ce, shi ya sa na ɗauka cikinta ne ke gugar kwalta.

Garejin da na fara kai ta, sauraron minti biyu aka yi mata aka ce fulogi ne. Aka canza guda shida, aka wanke nozul, na biya. Kafin in kai gida Mabera karkarwar ta dawo yadda take. Kuɗin bai yi mini ciwo ba kamar yadda aka yi aikin da ka, ba wanda ya sunkuya ya leƙa ƙasan injin.

Wani abokin aikina ne ya kai ni Buzaye, unguwar kanikawa a nan Sakkwato, wurin wani dattijo wanda ya daɗe yana gyaran motocin Nissan da Infiniti. Baba muke ce masa. Bai ɗauko sifana ba sai da ya tambaye ni, "Alhaji, mi anka canza mata?" Na faɗa masa. Ya sa aka buɗe bonet, aka toshe tayoyi da katako, ya ce in ja birkin hannu, in sa giya ta ɗaya, in riƙa sakin kulochi sannu-sannu. Daga baya ya sa babban yaronsa ya zauna a kujerata, ni kuma ya jawo ni gefen motar don in gani da idona. Yaron na sakin kulochi sai ga ɓangaren direba na injin ya ɗaga sama, yana takawa injin ya faɗo, gum. Ƙarar da ta hana ni barci ke nan.

"Ka gani? Ba fulogi na ba. Injin sit na, wanga na hagu ya yanke."

Ga wanda bai saba da zancen kanikawa ba, injin sit shi ne matashin roba da ƙarfe da inji ke zaune a kai. A wannan motar biyu ne, hagu da dama, sai na uku a ƙarƙashin giyabos. Injin 350Z a tsaye yake daga gaba zuwa baya, tayoyin baya yake turawa, don haka duk lokacin da aka ba shi wuta yakan nemi murɗawa gefe, ya danne na dama ya finciki na hagu. Shi ya sa na hagu ke riga mutuwa. Na asalin ba roba zalla ba ne, akwai ruwa a rufe cikinsa wanda ke shanye karkarwa. Baba ya haska mini fitila na ga sawun baƙin ruwan da ya tsiyaye ya bushe a jikin ƙarfen. Ya kuma nuna mini abin da ban lura da shi ba: gasket ɗin murfin saman inji na yoyon baƙin mai, yana gangarowa daidai kan robar. Mai na ruɓar da roba, bututun hayaƙi na gasa ta daga kusa, ga zafin garinmu, ga shekara ashirin da 'yan kai.

A wurin sayen kayan ne na fi samun abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Mu nan mun saba cewa kayan Beljiyam sun fi sababbi, kuma sau da yawa gaskiya ne. A ranar ma akwai su a hannu, waɗanda aka ciro daga Infiniti G35, tunda gindin motocin biyu ɗaya ne kuma injinsu ɗaya. Mai shago ya kawo su, fes a ido, farashinsu bai kai rabin na sababbi ba. Har na sa hannu aljihu. Baba ya karɓi ɗaya, ya murɗa shi, ya nuna mini 'yan tsage-tsage a wuyan robar.

"Ƙarfe ka saye Beljiyam, Alhaji. Roba ba ta san ƙasar da tat fito ba, shekarunta ɗai ta sani."

Na yi ta juya maganar, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. An daina ƙera G35 da 350Z tun kafin 2010. Duk wani injin sit da za a ciro daga jikinsu sa'an wanda ya mutu a motata ne, ko ƙanensa da 'yan shekaru. A can ƙasar sanyi ya yi rayuwarsa, sai a kawo shi Sakkwato yana tsoho a ce ya fara sabon aiki. Giyabos ko rim ko ƙofa, in na samu na Beljiyam mai kyau, gobe ma zan saya. Roba kuwa na daina.

Akwai kuma sababbi masu araha, roba zalla babu ruwa, babu sunan kamfani a kwalin. Wani matashi mai son motocin gudu ya ba ni shawarar in yi odar masu tauri na foliyuretan, irin na masu tsere. Suna riƙe inji ƙam, ba sa yoyo, amma duk karkarwar da inji ya yi sai ta iso kujera. Ni da motar nake zuwa aiki, da ita nake zuwa gaida mahaifiyata a Tambuwal. Na zaɓi na Nissan sababbi masu ruwa, aka yi oda daga Legas.

Kwana tara na jira, alhali kwana huɗu aka ce mini. Wannan ya ɓata mini rai, domin da an faɗa mini gaskiya da na shirya.

Aikin kansa ya burge ni. Da ƙarfe takwas na safe suka fara, kuma gasket ɗin mai yoyo suka fara canzawa don kada sabuwar roba ta sha mai. Baba bai yarda a tokare tukunyar mai da jak ba, da sarƙa aka riƙe injin daga sama. Ya sa aka sassauta bututun iska, sannan aka ɗaga kaɗan-kaɗan, yana kallon tiyon lagireto da wayoyi kada wani ya miƙe ya tsinke. Ɓangaren direba ne ya ba su wuya saboda sandar sitiyari ta tare hanya, sun fi awa guda a kansa. Da tsohon ya fito, gida biyu ya rabu a hannun yaron. Na dama bai yanke ba, amma da aka jera shi da sabo ya gaza shi tsawo da kusan kaurin yatsa. Na giyabos ma na ce a canza, tunda an riga an shiga ƙasa. Abin da na fi yabawa shi ne bai ɗaure notuna tamau ba sai da aka sauke injin ya zauna da nauyinsa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana mai awo. Kafin La'asar an gama.

Ba a rasa aibu ba. Washegari a hanyar Boɗinga na ji wani ƙarfe na kaɗawa a ƙasa, ashe wani yaro ya bar noti ɗaya na farantin da ke kare zafi. Na koma, Baba ya ɗaura da kansa, ya ba ni haƙuri, bai karɓi ko kwabo ba. Sun kuma bar mini sawun baƙin mai a sitiyari da kujera. Motar da mutum ke ji da ita, ya kamata a shimfiɗa mata ko leda ce kafin yaro ya shiga.

Yanzu wata uku ke nan. A silo, sai na dubi allon mota nake tabbatar da injin na aiki, in ban da 'yar girgiza da safe in na kunna na'urar sanyi, wadda ke wucewa in ya ɗumama. Sandar giya ta tsaya wuri ɗaya, shiga ta biyu daga ta ɗaya ya zama sumul, har na gane cewa taurin da na daɗe ina ɗora wa kulochi ba laifinsa ba ne. Na je Tambuwal sau biyar, na bi ramukan damina na cikin gari, ban sake jin gum daga gaba ba. Kuɗin ya yi nauyi, amma da za a mayar da ni watan Mayu, waɗannan zan sake saya, kuma wurin Baba zan sake kai ta.

Shirun da gaba ya yi ne ya fito da wata 'yar ƙara daga baya, in na saki totur farat ɗaya. Na koma da ita makon jiya. Baba ya shiga ƙasa da fitilarsa, ya ce robar da ke riƙe difaransha ce, wato akwatin giyar da ke raba gudu ga tayoyin baya, ita ma robar mai ruwa ce kuma ta fara tsiyaya. Mun yi oda, ya ce in ba shi kwana goma.