RAM, SSD ko gyaran saiti: ina kuɗinka ya kamata su tafi?

Ka buɗe shafuka goma a Chrome, ga Word, ga WhatsApp, sai linzami ya tsaya cak, fitilar faifai tana ta ƙifce-ƙifce. Wani sa'in Windows ma ta turo gargaɗi cewa ma'adana ta yi ƙasa. Nan ne mutane ke garzayawa saiti su ƙara girman pagefile.sys, a zatonsu sun samu RAM kyauta.

Wannan fayil ɗin, da ke ɓoye a faifan C, kamar sito ne a bayan shago. Idan kanta ta cika, wato RAM, sai Windows ta kwashe abin da ba a amfani da shi yanzu ta kai sito. Faɗaɗa sito yana hana shirye-shirye rufewa da kansu, amma ba ya rage zirga-zirgar ɗauko kaya. Tsohuwar shawarar nan ta sa shi ninki 1.5 na RAM tun zamanin Windows XP take. Ni dai ina barin Windows ta riƙa daidaita girmansa da kanta, sai in tabbatar faifan C bai cika maƙil ba. Kashe shi gaba ɗaya kuwa, kar ka soma.

Kafin ka fitar da ko sisi, danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka shiga Performance yayin da kwamfutar take cikin wahalarta. Idan RAM ta haura kashi 90 cikin 100 tana zaune a can, ita ce matsalar. Idan kuwa faifai ne ya maƙale a 100, kuma an rubuta HDD a gefensa, wato tsohon faifai mai juyawa, to ga ɓarawon.

Wasu kwamfutocin hannu da ake kawowa daga Turai suna zuwa da RAM 4GB da tsohon faifai mai juyawa sau 5,400 a minti. A irin wannan, SSD nake fara saya, wato faifan zamani da ba ya juyawa. Faifan da ke juyawa yana karanta kusan MB 100 a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa yana kai 500, kuma ya fi shi nesa ba kusa ba wurin tsinto ƙananan fayiloli, wanda shi ne ainihin aikin pagefile. Ko da RAM ɗin ta cika, kai-kawon ba ya da zafi. SSD mai 256GB ya ishi yawancin gidaje.

Ƙarin RAM kuma sai da kula. RAM iri-iri ce: DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba. Wasu kwamfutocin na buƙatar DDR3L mai wutar volt 1.35. Wasu siraran kwamfutocin ma an liƙe RAM ɗin a jikin allo, ba ramin ƙari sam. Sannan idan Windows ɗinka mai 32-bit ce, ko ka zuba 8GB ba za ta ga fiye da kusan 4 ba, sai an sake ɗora mai 64-bit. Windows 11 tana karɓar 4GB, amma da ƙyar take numfashi a kai. 8GB ne za ka ji daɗi.

Ka tafi kasuwa da kwamfutar a jaka. A sa kayan a gabanka, a kunna, ka buɗe Task Manager ka ga sabon adadin da idonka kafin ka biya.