Shekara ɗaya a kan babur mai caji

Boxer nake hawa tun ina saurayi. Daga Rijiyar Zaki zuwa shagonmu a Kantin Kwari, in haɗa da kai yara Islamiyya da ɗan cefane, lita guda ce take tafiya kusan kullum. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ko lissafinta ba na yi, don ba ta kai naira 200 ba. Da ta haura dubu a ƙarshen 2024 sai na ga kamar tanki nake yi wa nema. Shi ne na rufe ido na sayi mai caji.

Sauƙin da ake faɗa gaskiya ne. Batirina yakan sha yunit biyu da ɗan ɗoriya kafin ya cika, ko da kuɗin Band A (rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada) aka auna wajen naira 500 ke nan, kuma caji ɗaya yana kai ni kusan kwana biyu. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wanke kafireta. Bakanikena har cigiyata yake yi. Da asuba in zan fita masallaci ba na tashin jaririyarmu da ƙarar salansa, wannan kaɗai ya sa uwargida ta fi ni son mashin ɗin.

To amma kuɗin man bai ɓace ba, batir ya koma. Ranar da na tambayi farashin sabon batirin lithium sai da na nemi benci na zauna, don shi ne kaso mafi tsoka a kuɗin babur ɗin gaba ɗaya. Batir mai ruwan acid ya fi araha, sai dai nauyi gare shi kuma ba ya daɗewa. Zafin Maris da Afrilu ma ba ya raga wa batir. Yanzu ba na barinsa a rana, kuma sai ya huce nake jona shi. Tun daga lokacin na ajiye asusu, duk yamma nake jefa rabin abin da a da nake ba gidan mai.

Sai maganar wuta. An taɓa ɗauke mana kwana uku, na tura babur ɗin wajen mai janareta a bakin layi, abin da ya karɓa ya kusa kuɗin lita. Wanda unguwarsu ba ta samun wuta kuma ba shi da sola, gaskiya ba na ba shi shawarar saye. Mai ko a galan ka samu wajen 'yan bumburutu, caji kuwa awa huɗu zuwa biyar yake ci.

Boxer ɗin ban sayar ba. Shi nake bugawa in zan je gaida Hajiya a Bichi ranar Juma'a, sauran kwana shida kuma yana lulluɓe a soro.