Sharhi kan gyaran lanƙwasasshiyar ƙafa: filasta ta yi nata, takalmi ne da sauran aiki

A Gombe muka bi wannan magani da yaronmu, tun daga filastar farko har ya ajiye takalmin. Hukuncina shi ne hanyar Ponseti, wato gyaran ƙafar da filasta sannan da takalmi na musamman kamar yadda Dakta Ponseti ya tsara, tana aiki ƙwarai, amma kada kowa ya auna nasararta a ranar da aka cire filasta. Sai yaro ya kai shekara 5 yana gudu, dunduniyarsa na taka ƙasa, sannan a yi magana.

Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki, rabinsu kuma ƙafa biyu. Ba shan inna ba ne, ba kuma aikin maɗori ba ne, don babu ƙashin da ya karye. Ana murza ƙafar a hankali, a ɗaura filasta daga yatsu har cinya, gwiwa a lanƙwashe, ana sauyawa duk mako, yawanci sau 5 zuwa 8. Yawancin yara sai an ɗan yanke musu agara, filastar ƙarshe ta yi mako 3. Wahalar nan ta kuɗin mota ce ga mai zuwa daga Dukku ko Kaltungo, amma tana wucewa.

Takalmin ne jarrabawar. Takalma biyu ne na fata masu igiya, an kafa su a kan sandar ƙarfe mai faɗin kafaɗun yaro. Ƙafar da aka gyara ana juya ta waje digiri 60 zuwa 70, lafiyayyar kuma 30 zuwa 40. Wata 3 na farko awa 23 a rana yake sa shi, daga nan sai lokacin barcin dare da na rana kawai, har shekara 4 ko 5. Yana da ƙarko, ina yaba masa nan. Inda yake ba da matsala shi ne dunduniya. Idan igiya ta yi sako-sako, dunduniyar sai ta ɗaga a ciki, ta goge, ta yi bororo, yaro ya kwana kuka, kaka ta ce a cire wa bawan Allah wannan ƙarfe. Daga nan ƙafa ke fara komawa. Maganinsa shi ne safar auduga marar ninki, a tura dunduniya har ƙasa kafin a ja igiya, a leƙa ta ramin da ke bayan takalmin a tabbatar ta zauna. A zafin bazara a riƙa sauya safa saboda gumi. Kukan kwanakin farko kuwa yawanci don bai saba motsa ƙafafu biyu tare ba ne, sai a riƙa kama sandar ana yi masa wasa da ita. Kuma da yatsu sun leƙo gaba sosai, lokacin sauya lamba ya yi.

Uwa za ta iya yin nata binciken a tsakar gida kafin ranar ganin likita. Ki sa shi tafiya babu takalmi: da dukan tafin yake takawa, ko da gefen waje? Ki sa shi tsuguno: dunduniya tana nan a ƙasa? Ki duba silifas ɗinsa, ta ina yake cinyewa? In ƙafar na juyawa ciki duk sanda ya ɗaga ta, a koma asibiti cikin makon. Sau da yawa filasta 2 ko 3 ke dawo da ita. Wani yaron kuma, bayan ya kai kamar shekara 3, akan sauya wa wata jijiya ta saman ƙafa mazauni don ta daina jan ta ciki.

Abin da ba ya gyaruwa gaba ɗaya ya kamata a faɗa wa iyaye tun farko: ƙafar takan ɗan fi ɗayar gajarta, sha-raɓar ma ta fi siranta. Wannan ba dawowar ciwo ba ne. A jami'ar Iowa ta Amurka, inda Dakta Ponseti ya yi aiki, an bi waɗanda aka yi wa maganin kimanin shekara 30, aka wallafa a 1995 cewa kashi 78 cikin 100 ƙafarsu na aiki da kyau. Ko bayan an ajiye takalmin, a ci gaba da kai yaro sau ɗaya a shekara har ya gama girma.