Care Compare: taurarin gidajen kula da tsofaffi a Amurka, da inda suke ruɗar mutum

Duk wanda lalura ta tilasta masa neman gidan jinya ga tsohonsa a Amurka, shafin Care Compare na CMS, hukumar gwamnatin tarayya da ke kula da inshorar lafiya ta gwamnati, zai fara buɗewa. Kyauta ne, kuma yana ɗauke da gidaje kusan 15,000 da ke karɓar kuɗin Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati, galibi ga tsofaffi) ko Medicaid (ta masu ƙaramin ƙarfi). Tun 2008 ake ba kowane gida tauraro ɗaya zuwa biyar. Shafin yana da amfani ƙwarai, amma wanda ya tsaya a kan taurarin saman shafi zai yi zaɓen tumun dare.

Abubuwa uku ake haɗawa wajen ba da taurarin: binciken lafiya, yawan ma'aikata, da alƙaluman ingancin kulawa. Na farkon ne abin dogaro. Jami'an jiha ne ke dira gidan ba sanarwa, kuma doka ta ce kada tazarar ta wuce wata 15. Suna shiga kicin su auna sanyin firji, su bi nas lokacin rabon magani, su duba wanke hannu, su zauna da tsofaffin su ji ta bakinsu. Duk laifin da aka samu ana rubuta shi a takardar CMS-2567, wadda shafin ke buɗe wa kowa.

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Kowane laifi yana da lamba da harafi. F880 na nufin sakaci wajen hana yaɗuwar cuta, F689 haɗurra irin su faɗuwa, F686 kuma gyambon kwanciya, wanda ke fitowa idan ba a juya majinyaci a kai a kai. Harafin da ake ba laifin daban da lambar, daga A zuwa L, shi ke nuna tsanani. D da E suna da yawa ko a gidaje masu kyau. G zuwa I na nufin wani ya riga ya cutu. J, K da L kuwa rai ne a cikin haɗari nan take. Laifi ɗaya mai J ya fi goma masu D nauyi, kuma laifin da ya sake bayyana a bincike na gaba alama ce cewa gyaran na takarda ne kawai.

Inda shafin ya gaza a fili yake. Taurarin bincike a cikin jiha ɗaya ake raba su: kashi 10 cikin ɗari na sama su sami biyar, kashi 20 na ƙasa su sami ɗaya. Saboda haka tauraro huɗu a Teksas ba lallai ya yi daidai da huɗu a Ohayo ba. Alƙaluman inganci kuma yawancinsu gidan ne da kansa ke aikowa, kuma suna iya ƙara masa tauraro guda. Binciken gobara yana shafin, amma ba ya shiga lissafin taurari, abin da bai kamata ba a gidan da mazaunansa da yawa ba sa iya tafiya. Jihohi da dama kuma sun makara da bincike tun bayan korona, don haka a duba kwanan watan rahoto.

Ɓangaren ma'aikata ya inganta tun da aka koma ɗaukar bayani daga takardun albashi. A duba na ranakun Asabar da Lahadi, da yawan masu barin aiki a shekara. Nan ne gaskiyar gida ke fitowa. Idan aka ga alamar tafin hannu a cikin jan da'ira kusa da sunan gida, an kama shi da cin zarafi ko sakaci, kuma taurarin bincikensa ba za su wuce biyu ba.

Shafin ba ya cewa komai game da abincin halal ko ko mace ce za ta yi wa mace wanka. Wannan sai an je da ƙafa, gara da yamma ko ranar Lahadi, a nemi rahoton bincike na ƙarshe, wanda doka ta wajabta a ajiye inda kowa zai gani.